Randar da Inna Ke Ji da Ita

Duk wanda ya saba cin kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi ya san wani siririn mutum mai sukundireba a aljihun gaba, wanda yake bin layin masu tukwane yana ƙwanƙwasa randuna da bayan yatsa. Ba ya taya ko ɗaya sai ya kara kunne ya saurara. Matan da ke sayarwa sun yi masa tsiya har sun gaji sun bari. Wannan shi ne ƙanena, Maharazu Mai Rediyo. Bara ya rasu, kuma ni ne sanadin wannan yawo nasa a cikin tukwane. Shi bai taɓa gaya wa kowa ba, don haka ni zan faɗa da bakina.

Mu uku Inna ta haifa, duka maza. Ni ne Lawal, ɗan fari, sai Maharazu, sai autanmu Ummaru. Kamar yadda aka saba, ana yaye ni aka kai ni Gangara wurin kakata, can na tashi. Inna tana kunyata irin kunyar mutanen dā. Ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kallona ido da ido, in na shigo gaisuwa sai ta juya fuska wajen bango ta amsa can ƙasa-ƙasa. Da na fara tuƙi sai ta samu abin kirana: mai mota. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa wanda ke kusa ya isar, ko da ina tsugune a gabanta. Ni kuwa a lokacin daɗin abin nake ji, ina ganin girma ne.

Inna maginiyar tukwane ce, 'yar Bugaje. Randarta in ka buga sai ta yi ta amsawa kamar ba za ta daina ba, don tana fitar da jikinta siriri kuma ba ta rowar itace wajen gashi. Bayan rasuwar Baba wani ciwon kunne ya kama ta, ya yi shekara biyu yana zubar da ruwa, da ya tafi kuma ya tafi da jinta. Ba kurma ta zama gaba ɗaya ba. In ka sa baki a kunnenta ka ɗaga murya tana tsintar kalma ɗaya cikin uku, sauran ta cike da kallon leɓe. Hannayenta ma suka fara rawa, ta bar gini.

Maharazu shi ne wanda ya zauna da ita. Mutum ne marar magana tun yana ƙarami, irin wanda in an aike shi ba a jin ya dawo sai an gan shi. Da gyaran keke ya fara, daga nan ya koma tocila da agogo, daga nan rediyo, ba tare da kowa ya koya masa ba. Teburinsa yana gindin wata bishiyar bedi kusa da shingen kwastan, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su ƙetara zuwa Maraɗi. Kayan aikinsa ba su wuce sukundireba uku ba, da filaya, da wani ƙarfe mai kan jan gaci da yake dasawa a garwashi yana narka dalma da shi. Direbobin Nijar suna kawo masa rediyonsu su ce pil, wato batir, ya mutu, ya buɗe ya tarar kyankyaso ne ya yi gida a ciki. Ba ya dariya a gabansu, sai sun tafi.

Bayan farin da aka yi a saba'in da uku, gonarmu ta Bugaje ba ta ba da ko iri ba. Ummaru ya bi wata motar kaya ya yi arewa, sai labari muka ji yana Arlit yana aikin gini a garin masu haƙar ma'adini. Ummaru shi ne ɗan gaban goshin Inna. Shi ne mai zama a kan tabarmarta, mai sa hannu a kwanonta, mai tsokanarta har ta jefe shi da mafici. Bai iya rubutu ba, ita ma ba ta iya karatu ba, saboda haka sai ya yi abin da 'yan ci-rani suka fara yi a lokacin. Ya sayi kaset ya yi magana a ciki, ya ba wani direba Bubakar, mutumin Maraɗi, ya kawo. Duk bayan wata biyu ko uku sai kaset ya zo, a naɗe cikin tsumma.

Ranar da na farko ya zo, Maharazu ya ari ƙaramar rikoda ya kunna mata. Ta kara a kunnen dama, ta mayar hagu, ta girgiza ta, sannan ta miƙa masa. Ya matsa kusa ya fara maimaita mata abin da Ummaru ya ce, cewa yana lafiya, aiki da wuya amma ana ci. Ta ɗaga masa hannu.

"Ba labarin nike so ba," in ji ta. "Muryatai nike so."

Daga wannan rana Maharazu ya samu aikin da ya ci masa shekara guda da rabi. Babu wutar lantarki a unguwarmu, don haka ya nemo tsohon batirin babbar mota. In ya yi sanyi sai ya ba Bubakar ya ɗaura a motarsa, ya je Maraɗi ya dawo da shi a cike. Ya ciro cikin rediyon wata mota da ta faɗi a kwanar shiga gari, ya mayar da shi abin ƙara murya, ya jona da rikodar. Daga nan ya ari lasifika irin ta masu tallan magani, mai baki kamar mazurari. Ranar da ya gwada ta, duk unguwa ta ji cewa Ummaru yana fama da basir kuma ya ga wata yarinya da yake so, amma Inna ta toshe kunne ta ce kamar ana soka mata tsinke. A nan ya gane cewa ba ƙara take bukata ba.

Ya samo sifika zagayayyiya mai faɗin faranti, ya fara nema mata gida. Ya sa ta a kwali, murya ta fito a shaƙe. Ya sa ta a garwar kananzir, ta yi ta zizar ƙarfe. Ya je wurin kafinta aka ƙera masa akwati, ya yi daɗi ga masu kunne, amma ga Inna duk ɗaya. Matarsa Salmatu ta gaya mini cewa a watannin nan ko ƙwaryar furarta ba ta tsira ba.

Abin ya zo ne ba da shiri ba. Wata rana da hantsi yana ɗaure waya a tsakar gida, bai samu inda zai ajiye sifikar ba, sai ya kifa ta a bakin wata randa da babu ruwa a ciki, ɗaya daga cikin na ƙarshe da Inna ta gina. Inna tana zaune ta jingina kai da randar tana tsintar wake. Kaset yana juyawa. Sai ta saki faifan waken ya zube, ta ce wa ke magana cikin randa. Ta ƙara manna kuncinta, ta rufe ido, can sai ta ce, "Ummaru na." Salmatu ta ce mijinta ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Da wani ne, da ya tsaya nan. Maharazu bai tsaya ba. Ya yi kwana uku yana huda ƙasan randar da ƙusa, a hankali, yana ɗiga ruwa, don waya ta samu hanya. Ya yanko robar tayar keke ya yi wa bakin matashi, ya zaunar da sifikar a kai, ya liƙe zagayen da ƙaro yadda iska ba za ta fita ba. Da ya ji muryar tana gunji da yawa, ya zuba dunƙulen auduga a ciki, ya rage, ya ƙara, sai da ta daidaita. Ya ɗora randar a kan gammo don kada ƙasa ta shanye motsin. Ya ciro wani ɗan abu daga matacciyar rediyo ya jona, ya kashe tsinin muryar da ke yi mata zafi. Kan rikodar kuma duk Juma'a sai ya goge shi da auduga a kan tsinken ashana. Har wurin da za ta ɗora ƙashin bayan kunnenta ya gano, a kafaɗar randar, ya yi masa alama da alli. In kaset ya zo sai ta yi alwala, ta canza zane, ta zauna ta rungumi randa. Tana amsa masa magana, tana yi masa faɗa, tana dariya. Kowane kaset sai ta ji shi sau goma kafin wani ya zo.

Duk wannan daga baya na ji shi. A lokacin ina kan hanya, ina ɗauko siminti daga tashar jirgin ruwa ta Ikko, shekarun da ƙasa ta cika da kuɗin mai har direba ma yana sa agogon zinari. Sai in yi wata huɗu ban leƙo Jibiya ba. In na zo, in tsuguna, Inna ta juya fuska, in ajiye atamfa da buhun shinkafa in tashi. Na ga randar da wayoyi a kusurwar ɗakinta, na ɗauka shirmen Maharazu ne, ban ko tambaya ba.

A saba'in da shida na je Makka a jirgin sama. Cikin tsarabata har da wata babbar rikoda 'yar Japan, mai akwatunan sifika biyu da suka kai mini ƙugu, gabanta duk fitilu da allurai masu rawa. Na haɗa da ƙaramin janareta a Kano. Don ɗakina na saye ta, ba don kowa ba.

Kwana uku da dawowata, ubangidana mai motar da nake ja ya zo daga Katsina yi mini barka. Dattijo ne mai kirki, ya ce sai ya shiga ya gaida tsohuwa. Muka yi sallama muka shiga, muka tarar da ita a ƙasa, ta rungumi randa, kunci a manne, tana magana ita kaɗai tana ƙyalƙyala dariya. Ba ta san mun shigo ba. Ubangidana ya yi murmushi, da muka fito ya dafa ni ya ce, cikin wasa, ashe Alhaji guda tsohuwarsa a randa take jin rediyo. Wallahi ba da mugunta ya faɗa ba, na tabbata kafin ya kai Katsina ya manta. Ni ne ban manta ba. Raina ya ɓaci, na ga kamar an tsiraita ni a kasuwa.

Washegari da safe, Maharazu yana gindin bedi, na kinkimo kayana na shiga ɗakin Inna. Tana ganina ta ja mayafi ta fita, kamar yadda ta saba. Na jera akwatunan, na ja waya, na tada janareta a tsakar gida. Sai na ga randar ta tare wuri. Da na ɗauke ta kawai na kai bayan ɗaki, da yau ba na wannan rubutu. Amma sai na ga sifikar da ke bakinta mai kyau ce, bai kamata a bar ta a tukunya ba. Na ja, ƙaro ya riƙe. Ni kuwa direba ne, abin da ya ƙi fita da hannu ƙarfe ake sa masa. Na ɗauko ƙarfen cire taya na zura na danna. Ƙarar ba ta da yawa. Randar ta tsage daga baki har gindi, ta rabu biyu, audugar ciki ta zubo. Na kwashe na watsar a juji.

Da Maharazu ya dawo da azahar ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kusurwar da babu komai. Na nuna masa maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ina jiran yabo. Ya saurara har na gama.

"Yaya," in ji shi, "ba ta ji da irin wagga."

Maganar da ya yi ke nan, kuma ita kaɗai ce. Na ce masa wannan kayan Turawa da Japanawa suka zauna suka ƙera, shi da ƙusa da ƙaro zai gaya mini ba ta ji? Na ce a kira ta a gwada. Salmatu ta kawo ta, ta zauna ta fuskanci bango. Na sa kaset ɗin Ummaru, na murɗa har ƙarshe. Kwanonin jere suka kama rawa, ƙasa ta riƙa zubowa daga azara, ga janareta yana nasa a waje. Na ce wa Salmatu ta tambaye ta ko tana ji. Salmatu ta sa baki a kunnenta. Inna ta gyaɗa kai.

"Ki ce ma mai mota Allah shi yi albarka. Akwatin na da kyau."

Na dubi Maharazu da idon wanda ya ci shari'a. Ya sunkuyar da kai. Na yi shekara talatin da biyar a duniya, na san sarai uwa ba ta iya duban ɗan farinta ta ce abin da ya kawo bai yi ba, ko guba ce. Na kuma san ƙane ba ya maimaita magana ga wansa sau biyu. Duk na sani. Amsar da nake so na samu, sai na karɓa na koma Ikko.

Daga nan Maharazu ya fara bin layin masu tukwane. Randunan Inna da suka rage a gidajen mutane duk ya bi, wasu sun fashe, wasu sun sha ruwa shekaru sun yi nauyi, ba sa amsawa. Na kasuwa kuma kauri gare su. Ya gwada fiye da ashirin. A wasu Inna takan ji kamar ana magana a bayan katanga, ta kasa gane ko wane ne. Ta yi ƙoƙarin gina wata da kanta, hannu ya ƙi, yumɓun ya zube mata a cinya. Kaset huɗu suka zo a wannan tsakani. Kowanne Maharazu ya maimaita mata a kunne, ita kuma ta karɓi kaset ɗin ta sa a ƙarƙashin matashi. In na zo gari kuwa, sai a tada janareta, ta zauna ta fuskanci bango tana gyaɗa kai har in tashi. Wata goma sha huɗu ana yi mini wannan kara.

Ina Zariya aka aiko mini cewa mota ta kife da su Ummaru a hanyar Agadas, yana tahowa gida. Can aka binne shi. Na iso ranar uku. Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, wajen la'asar, Inna ta ce a sa mata kaset na ƙarshe. Ni na tada janareta da hannuna. Muryarsa ta cika ɗakin, mata suka fara kuka.

Sai Inna ta tashi. A gabana, ba mayafi, ta taka zuwa akwatin farko ta durƙusa ta manna kuncinta a jikin katakon. Ta matsa sama, ta matsa ƙasa, tana lalube da tafin hannu. Ta rarrafa zuwa na biyu ta yi haka. Ta zagaya bayansa ta kara ƙashin kunnenta. Ina tsaye ina kallo, kuma a nan ne na fahimci abin da aka gaya mini tun ranar farko. Ta daɗe a haka. Da kaset ya ƙare ta koma tabarmarta, ta juya fuska wajen bango, ta ce wa Salmatu a ba mai mota abinci, ya sha hanya.

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Na fita na tarar da Maharazu a zaure, na ce don me bai sake gaya mini ba. Da tsawa na faɗa, don ban san yadda zan yi da kaina ba. Ya ce ko ya sake faɗa randar ba za ta haɗu ba. Ya tashi ya kawo mini ruwa.

Tun daga ranar na zama mai dakon tukwane. Duk garin da na bi aka ce akwai maginiya, sai na tsaya, Zariya, Bida, har Ilori. Ina naɗe su da buhu in sa a gaban mota, abokan aiki suna cewa Alhaji Lawal ya koma sayar da randa. Kowacce na kawo Maharazu zai ƙwanƙwasa, ya saurara, ya yi mini godiya, ya jera ta a bayan ɗaki. Na nemi gafarar Inna ta bakin Salmatu. Ta ce mai mota bai yi mata komai ba, tsaraba ya kawo. Ta rasu a damina ta saba'in da tara, kaset ɗin nan huɗu suna ƙarƙashin matashinta.

Maharazu ya ci gaba da zamansa a gindin bedi har aka sare ta aka faɗaɗa hanya. Ya aurar da 'ya'ya shida, ya gyara rediyon rabin garin nan, kuma masu ciwon kunne daga ƙauyuka har da na ƙetaren iyaka sun san shi, don ya haɗa wa da yawa irin wannan randa bai karɓi komai ba. Wasu ta yi musu, wasu ba ta yi ba. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba, ko a kan wannan ko a kan wani abu.

Shekara biyu bayan rasuwar Inna ya aiko a kira ni wata safiya. Ya samu wata randa a Bugaje, a gidan wata tsohuwa da Inna ta gina wa ta aure, ba a taɓa zuba mata ruwa ba, gero ake ajiyewa a ciki. Ya huda ta, ya liƙe, ya ɗora a gammo, har da alamar alli. Ya ce yana so in ji aikin, don ban taɓa ji ba. Na san ba don ya ƙona mini rai ya kira ni ba. Shi dai ya gama aiki ne, kuma babu sauran wanda zai nuna wa.

Ya ba ni auduga na toshe kunnuwa biyu. Na durƙusa na rungumi randar, na ɗora ƙashin bayan kunnena a kan allin. Ya danna. Muryar ba daga waje ta zo ba, a cikin kaina na ji ta, kusa, har da jan numfashinsa. Kaset na ƙarshe ne. Ummaru ya yi sallama, ya yi gyaran murya, ya yi 'yar dariyar nan tasa.

"Inna, kina jina? Maharazu, gyara mata randa da kyau, yau maganar da yawa."